Ƙunshin kafireto na Club Car DS: yana maganin motar golf mai tashi ta mutu?

A kasuwannin intanet akwai wani ƙunshin kayan gyara da ake tallatawa ga masu motar golf, wato 'yar ƙaramar motar da ake zirga-zirga da ita a filin wasan golf, ta fetur samfurin Club Car DS mai injin Kawasaki FE290. Mafi yawansa ba shi da sunan kamfani a jiki. Cikin kwalin za ka tarar da kafireto sabo, da gaskit uku ko huɗu, da famfon mai, da filtar mai biyu, da filtar iska, da fulogi, da guntun tiyon mai, wani lokaci har da filtar baƙin mai. Kuɗinsa duka bai kai rabin kuɗin kafireto ɗaya na asali ba, shi ya sa duk wanda motarsa ta fara tashi tana mutuwa sai hankalinsa ya koma kansa. Kayan suna da amfani, amma ba dukkansu ba, kuma abin da ya fi jan ido a kwalin, wato kafireton, shi ne mafi rauni a cikinsu.

Kafin a yi hukunci a kan kayan, dole a fahimci yadda wannan mota take aiki, don ba irin motar titi ba ce. Injinta ba ya zama a kunne yana jira. Ka murɗa makulli, ka sa giya gaba, ba abin da zai motsa sai ka taka totur. Takawar ce take danna wani ɗan suwic, shi kuma ya jawo solonoyid, wato babban suwic mai haɗa wutar batir, wuta ta tafi wurin sitata mai aiki biyu: ita ce take juya inji ta hanyar bel har ya kama, bayan ya kama kuma ta koma janareta tana cajin batir. Da ka ɗage ƙafa, wani suwic ya haɗa wayar kwayil, abin da ke ba fulogi wuta, da at, wato jikin ƙarfen inji, sai inji ya mutu. Saboda haka mutuwar inji idan an saki totur ba laifi ba ne, haka aka ƙera ta. Laifin shi ne ya mutu alhali ƙafarka na kan totur.

Akwai wani abu da ke ruɗin mutane a nan. Muddin ƙafa na kan totur kuma inji bai kama ba, sitata ba ta daina juya shi, kuma tana da ƙarfin da za ta iya jan motar a hankali a wuri mai shimfiɗa ko da injin bai kama ba. Sai mai mota ya ce ta tashi ta mutu, alhali tun farko ba ta tashi ba, sitata ce take ta wahala har batir ya gaji. Ka saurara da kyau. Injin da ya kama yana da bugun salansa da ɗumin hayaƙi, wanda bai kama ba sai dai ƙarar juyi iri ɗaya ba hawa ba sauka. Idan na biyun ne, ka fara da mitar auna wuta: batir mai lafiya yana nuna wajen volt 12.6 a zaune, kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da volt 10 ba lokacin juyi. Ƙunshin da muke magana a kai ba shi da komai na wannan ɓangaren.

Idan kuwa ta tabbata injin yana kamawa, to ka sa agogo ka ga tsawon lokacin da yake yi kafin ya mutu. Wannan shi ne gwajin da ya fi kowane arha, kuma shi zai nuna maka ko kana bukatar kwalin ko ba ka bukata.

Wanda yake yin rabin minti zuwa minti biyu ko uku ya mutu, ka bar shi ya huta ya sake tashi ya maimaita, kusan kullum yunwar mai ce. Kofin da ke ƙasan kafireto yana riƙe ɗan fetur kaɗan. Injin yana shanye shi, wanda ke tahowa daga tanki bai isa ya maye gurbinsa ba, sai ya mutu. A lokacin hutun nan mai ya ɗan tsiyayo, ko juyin sitata ya sake cika kofin, ka sake samun wani rabin mintin. A irin wannan hali kafireton ba shi da laifi, hanyar da ke kawo masa mai ce ta toshe, kuma wanda ya sa sabon kafireto zai ga abin bai canja ba ko kaɗan.

Hanyar mai tana farawa ne daga iskar da ke shiga tanki. Tankin DS yana ɗaukar wajen lita 25, kuma duk man da ya fita dole iska ta shiga ta cike wurinsa ta wani siririn tiyo na shaƙar iska. Motar da ta daɗe a ajiye, zanzaro kan yi gini a bakin tiyon nan ya liƙe shi da laka, ko tiyon ya lanƙwashe. Gwajin ba ya cin kobo: da zarar ta mutu, ka kwance murfin tanki. In ka ji iska ta shige da ƙara, ko kuma ka bar murfin a sassauce motar ta daina mutuwa, ka gano laifin. Daga nan sai bututun da ke zuƙo mai daga ƙasan tanki, wanda kan tsage ko ya toshe da datti. Idan motar tana lafiya da cikakken tanki amma tana mutuwa in mai ya yi ƙasa da rabi, bututun nan ne ya tsage daga sama yana shan iska.

Filtocin mai guda biyu na ƙunshin su ne abin da ba mu da ƙorafi a kansu. Robarsu garau take, kana ganin mai na wucewa, kana ganin datti ko ɗigon ruwa idan ya taru. Sun dace da tiyo mai faɗin kwatan inci, kuma suna da kibiya a jiki wadda dole ta kalli wajen kafireto. Filta abu ne da ake canjawa kowace shekara ko ta yi datti ko ba ta yi ba, ballantana inda ake ɗura mai daga jarka, don haka samun biyu a kwali ɗaya riba ce. Tiyon da suke haɗowa da shi dai ba mu yaba ba. Sau da yawa gajere ne, bai isa a canja dukkan layin ba, kuma irin robar nan ce mai saurin ƙandarewa idan ta sha fetur da zafin inji. Gara ka sayi mita biyu na tiyon mai na gaske wurin masu kayan mota, wanda aka rubuta a jikinsa cewa na fetur ne, ka sa sababbin kilip a kowane baki.

Famfon mai yana bukatar a tsaya a kansa, domin a nan mafi yawan masu gyara suke ɓata. Ba na lantarki ba ne, ba kuma wani ƙarfe ke tura shi ba. Baki uku gare shi: shiga, fita, da na uku wanda tiyonsa yake zuwa jikin inji. Duk lokacin da fistin ya hau ya sauka, iskar da ke cikin ɗakin karanshaf tana matsewa tana sakewa, wannan numfashin ne yake bi ta tiyo na uku ya riƙa kaɗa wata 'yar fatar roba a cikin famfon, ita kuma ta tura mai. To idan tiyon nan ya tsage ko da tsagar gashi ce, ko kilip ɗinsa ya saki, famfo sabo fil ma ba zai yi aiki ba. Haka kuma idan an cika baƙin mai ya wuce ƙa'ida, yana hawa cikin tiyon ya kashe numfashin. FE290 yana ɗaukar kusan lita 1.1 idan an canja har da filta, ba lita ɗaya da rabi ba. Ka zare tiyon ka duba: in ka ga baƙin mai ya kwanta a ciki, ka wanke shi, ka daidaita man inji kan alamar sanda, sannan ka sake gwadawa kafin ka zargi famfo.

Ga yadda ake gwada shi. Ka sa giya a tsakiya, ka datse tayoyi. A bayan hannun giya, ƙarƙashin kujera, akwai wani ɗan kam, wato ɗan faifai mai juyawa, na roba. Ka jawo shi waje kamar milimita 10, ka juya shi rabin zagaye. Wannan shi ne matsayin gyara, wanda ke barin inji ya yi aiki ba tare da motar ta motsa ba. Ka cire wayar fulogi ka haɗa ta da jikin inji nesa da mai, ka zare tiyon da ke shiga kafireto ka zura shi cikin kwalba garau, ka taka totur na daƙiƙa goma. Famfo mai lafiya yana feso mai bugu-bugu, da ƙarfi, ba yankewa. Mai ɗiga ko mai kumfa ya gaza, ko kuma yana shan iska ta baya. Ka yi wannan a fili, babu sigari, babu wuta kusa. In ka gama ka tuna ka mayar da kam ɗin mazauninsa, don idan yana matsayin gyara, motar za ta yi aiki a tsakiya amma ta ƙi da zarar ka sa gaba ko baya, kuma wannan kaɗai ya sa an kwance kafireto da yawa a banza.

Famfon da ke cikin ƙunshin yana aiki, kuma a matsayin abin gwaji ya biya kuɗinsa. Inda yake kasawa shi ne daɗewa, domin fatar cikinsa ba ta kai ta asali kauri da juriya ba. Idan fatar ta huje, fetur yana bin tiyo na uku ya zuba cikin baƙin mai. Alamarsa ita ce man inji ya ƙaru da kansa, ya tsinke, ya riƙa warin fetur. Wanda ya sa wannan famfo ya riƙa jan sanda yana shinshinawa lokaci-lokaci. Kada kuma wani ya ba ka shawarar sa famfon lantarki na mota a madadinsa. Ƙarfinsa ya fi ƙarfin allurar kafireto, zai cika inji da mai.

Yanzu sai kafireton. Alamar da ke nuna laifinsa ne da gaske ita ce injin ya yi 'yan daƙiƙoƙi ya mutu, amma in ka danne cok, wato abin da ke rage iskar da inji ke shaƙa, ya ci gaba da aiki, ka saki ya mutu. Ma'ana man da yake samu ya yi kaɗan a kan iskar da yake shaƙa. Abu biyu ke kawo haka: ko jet, wato ɗan ƙarfe mai siririn rami da mai ke bi a cikin kafireto, ya toshe, ko iska tana shiga ta inda bai kamata ba.

Ka fara da iskar, don DS tana da wata ɗabi'a da ba kowa ya sani ba. Cok ɗinta ba a cikin kafireto yake ba, yana can a mashigar akwatin filtar iska, kuma an auna kafireton ne a kan cewa akwatin a rufe yake ruf. Murfin da bai zauna ba, ƙugiyar da ta karye, babban tiyon da ke tsakanin akwati da kafireto ya tsage a lanƙwasa, kowane ɗaya ya isa ya sa injin ya riƙa shaƙewa yana mutuwa. Bakaniken da ya saba da janareta yakan cire filtar iska gaba ɗaya don ya ga ko inji zai buɗe, a wannan mota kuwa hakan ƙara lalata gwajin yake yi. Filtar iskar da ke cikin kwalin takardarta ba laifi, amma ka duba robar gefenta ko ta zauna daidai a akwatin, don wasu sukan zo da ɗan bambancin girma. A lokacin hunturu da ƙura ta yi yawa, ka riƙa cire ta kana kakkaɓewa. Wadda ta cushe tana kawo akasin wannan matsala, mai ya yi yawa, hayaƙi ya yi baƙi, fulogi ya yi kunkunniya. Don gano ɓarakar gaskit, ka bar inji yana aiki a matsayin gyara, ka ɗan fesa maganin wankin kafireto a mahaɗar kafireto da inji. In sautin ya canja, iska na shiga ta nan.

Idan iska ba ta da laifi, ka sauke kofin kafireto. Fetur da ya yi watanni a zaune yana bushewa ya bar wani danƙo launin ruwan zuma, kuma man da aka gauraya da etanol, irin wanda ya zama ruwan dare a Amurka inda mafi yawan motocin nan na hannu suke fitowa, yana jan ruwa ya bar farin gari a ƙasan kofi. Ramin ƙaramin jet siriri ne ƙwarai, ɗan ƙwayar datti ɗaya ta ishe shi. Ka kwance babban jet da ƙaramin, ka jiƙa su a maganin wanki, ka hura da iska mai ƙarfi, ka ɗaga su wajen haske ka tabbata kana ganin rami zagayayye. Kada ka zura allura ko wayar ƙarfe, tagulla ce mai taushi, ramin zai faɗaɗa, kuma ba ya komawa. Ka girgiza fulot, wato abin da ke yawo a kan mai cikin kofi, ka ji ko mai ya shiga cikinsa, ka duba bakin allurarsa ko ya yi zobe. Aikin bai wuce na awa ɗaya ba, kuma kafireton asali da aka wanke haka ya fi sabon da ke cikin kwalin.

Dalilinmu na faɗin haka shi ne rashin tabbas. Kafireton ƙunshin yana kama da na asali a ido, ramukan noti sun dace, amma jet ɗinsa sau da yawa ba lamba a jiki, don haka ba ka san girman da aka sa maka ba. Wani ya zo daidai, wani ya zo yana ba da mai da yawa, wani kaɗan. Ana samun wanda tsayin fulot ɗinsa bai daidaita ba, ana samun mai ɓurɓushin ƙarfe na masana'anta a cikin kofi. Rashin lambar ya fi damun wanda motarsa ke aiki a wuri mai tudu. Littafin gyaran Club Car ya tanadi babban jet mai ƙaramar lamba ga wuraren da suka haura ƙafa 3,000, wato wajen mita 900, kuma gari irin Jos ya wuce haka. Da kafireton asali kana iya sayen jet mai lambar da ta dace, da wannan kuwa sai dai lalube. Duk wanda zai ɗaura shi, ya buɗe kofin ya wanke tukuna, kuma idan zaren ya yi daidai ya mayar da tsofaffin jet ɗinsa na asali a ciki.

Akwai lokacin da sayensa ya zama dole: idan sandar da ke riƙe da faifan totur ta cinye mazauninta har tana girgiza a hannu, ko ruwa ya ci jikin kafireton ya yi ramuka, ko wani ya taɓa lalata zaren jet. Wanki ba ya gyara waɗannan. A nan ma ka tabbatar da shekarar motarka, domin kafireton 1992 zuwa 1997 daban yake da na 1998 zuwa sama, kuma masu talla sukan haɗe su a rubutu ɗaya. Lambar motar tana ƙarƙashin aljihun gaba ta ɓangaren fasinja. Lambobi biyu na farko bayan haruffa su ne shekara, misali AG97 tana nufin 1997. Ka ɗauki hoton jerin gaskit da robar da ke tsakaninsu kafin ka kwance, ka ɗaure notin biyu a hankali bi da bi don robar tana tsagewa. Bayan ka ɗaura, ka duba cewa faifan totur yana rufewa gaba ɗaya idan an saki ƙafa, in ba haka ba motar za ta riƙa harbi a salansa duk lokacin da ka tsaya. Gaskit ɗin ƙunshin suna da kyau, kuma ko wanke tsohon kafireto kawai za ka yi, kana bukatarsu.

Fulogin kwalin ka ajiye shi na ko-ta-kwana. Wanda ya dace da injin shi ne NGK BPR5ES, a bar tazarar bakinsa tsakanin milimita 0.7 da 0.8.

Nau'i na uku na mutuwa ba ruwansa da mai sam, kuma a nan ƙunshin ba ya tsinana komai. Motar ta tashi lafiya, ta yi minti goma ko ashirin, ta mutu kamar an kashe makulli, ba tari ba shaƙewa, kuma ta ƙi tashi sai ta huce. Wannan wuta ce. Kwayil da ya fara mutuwa yana aiki da sanyi, ya yanke idan ya ɗau zafi. Dole a gwada a daidai lokacin da ta mutu, ba bayan rabin awa ba: ka sa abin gwajin tartsatsi tsakanin waya da fulogi ka taka totur. Tartsatsi shuɗi mai ƙarfi ake nema. Idan babu, kada ka yi saurin sayen kwayil, don abu uku ne ke iya kashe wutar. Akwai ɗan akwatin da ke hana inji wuce iyakar gudu, wanda idan ya lalace yakan haɗa wuta da at ba dalili. Ka cire wayarsa ka sake gwadawa. Akwai wayar kashe inji, fara mai ratsin baƙi, wadda kan goge a jikin ƙarfe, ko suwic ɗin totur ya riƙa taɓawa da kansa idan mota ta shiga gargada. Ka zare ta ka gani, amma ka sani muddin tana zare ɗage ƙafa ba zai kashe injin ba, don haka sai a matsayin gyara, tayoyi a datse. In duk an cire waɗannan wutar ba ta dawo ba, to kwayil ne, ko igina, wato ɗan akwatin da ke sa kwayil ya ba da tartsatsi, a motocin 1992 zuwa 1996 waɗanda nasu yake a ware. Wajen ɗaura sabon kwayil, tazararsa da filawil, wato babban faifan da ke juyawa tare da inji, milimita 0.3 ce.

Sauran abubuwan ba su cika faruwa ba: salansa da ta cushe da kunkunniya, ko kulocin gaba da ya maƙale a rufe har inji ya kasa ɗaukar nauyi tun daga tashi. Masu E-Z-GO mai injin Robin na silinda biyu kuwa, wannan ƙunshi ba nasu ba ne, kuma su fara da auna bawul, milimita 0.10 da sanyin inji. Sababbin motoci masu injekta ba su da kafireto ma balle a canja.

Wanda ya sayi DS ta hannu wadda ta daɗe a ajiye, ƙunshin ya dace da shi, saboda filtoci da gaskit da famfon gwaji kaɗai sun kusa cin kuɗin, kuma zai bukace su duka a rana ɗaya bayan ya zubar da tsohon mai ya wanke tanki. Mai kula da motoci da yawa a filin golf ko otal shi ma yana da kyau ya ajiye kwali ɗaya, ya riƙa ɗaura kafireton na ɗan lokaci yayin da ake wanke na asali. Wanda motarsa ke mutuwa bayan ta yi zafi, ko wadda kwance murfin tanki ke gyara ta, ya riƙe kuɗinsa. Kuma duk wanda ya ɗaura sabon, ya tsiyaye tsohon kafireton, ya wanke shi, ya ƙulle a leda ya adana, kada ya bar shi a hannun bakanike.